Daga Teku Zuwa Kusugu: Yadda Daular Ingila Ta Iso Daura

Duk ɗalibin da ya ratsa firamare a ƙasar Hausa ya san Daura ta bakin Bayajida da rijiyar Kusugu da sarauniya Daurama. Amma in ka tambaye shi abin da ya sami Daura tsakanin 1890 da 1910, sai ka ga ya yi tsuru-tsuru, ko kuwa ya ce maka ai Turawa ba su yaƙi Daura ba, hasali ma su ne suka mayar wa Haɓe gadon sarautarsu. Maganar gaskiya ce, sai dai da saura. Abin da nake so in nuna a wannan 'yar maƙala shi ne, an gama cin Daura tun kafin Bature ya tsaya a ƙofarta da tuta, kuma an ci ta ne a wuraren da Badauri bai taɓa jin sunansu ba. Don haka tilas mai karatu ya yi haƙuri mu fara zuwa teku, ko da yake tsakanin Daura da teku ya fi mil 500.

Ingila dai tsibiri ce, ko an haɗa mata da Sikotilan da Wels ba ta kai sulusin girman Nijeriya ba. Amma bayan Yaƙin Duniya na Farko ta wayi gari tana riƙe da kusan rubu'in ƙasar duniya da kusan rubu'in mutanenta. Ba yawan jama'a ya ba ta wannan ba, ba kuma jaruntakar da ta fi ta kowa ba. Jirgin ruwa ne da kamfani. A 1600 sarauniyarsu ta ba waɗansu attajiran London izinin kafa Kamfanin Gabashin Indiya don su sayo kayan yaji da tufafi. Da fari roƙon filin kafa rumfa suke yi wurin sarakunan Indiya. Sannu a hankali rumfa ta zama ganuwa, 'yan gadi suka zama soja, har a 1757 sojan kamfani suka karya sarkin Bengal a Filasi, fatake suka koma masu karɓar haraji. A gaɓar Afirka ta Yamma kuwa hajarsu mutum ce. Kamfanin da suka kafa a 1672 bayi yake lodi zuwa gonakin rake na tsibiran Amurka, kuma a ƙarni na 18 babu ƙasar da ta kai Ingila jigilar bayi. Ribar rake da auduga ta gina Libaful da Biristol, ta taimaka wa masaƙun Manchesta, masaƙu kuma suka shiga neman kasuwa da ɗanyen kaya ido rufe.

Akwai wata shekara da nake so mu riƙe, watau 1805. A cikinta ne jiragen yaƙin Ingila suka farfasa na Faransa da Sifen a Tarafalga, teku ta zama tasu har shekara ɗari ba mai ja da su. A cikinta ne kuma Malam Isiyaku, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu, ya ci birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Babu wanda ya san da wani a cikinsu, amma waɗannan abubuwa biyu su ne suka zo suka haɗu bayan shekara ɗari.

Fitar Sarkin Gwari Abdu ba ta kashe sarautar Haɓe ba, raba ta ta yi. Bayan yawo da zama nan da can, wani reshe ya kafu a Zango wajen 1825, wani kuma a Baure, Fulani suna cikin birni suna bin Sakkwato. Watau ƙasa ɗaya, sarakuna uku, kowa yana cewa shi ne Sarkin Daura. Wanda ke son ya bi diddigin wannan rikici sai ya nemi littafin da M. G. Smith ya fitar a kan al'amuran Daura a 1978. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, wanda ya ci ribar rabuwar shi ne Damagaram. Da ma Damagaram 'yar amanar Barno ce, amma a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ta yi ƙarfin da take ƙera igwa da haɗa albarushi da kanta, ta shimfiɗa ikonta a kan Zango da Baure da Magarya da sauran garuruwan da ke arewa da gabas da birnin Daura. Ta nan rundunarta take bi in za ta kai wa Kano hari, kamar yadda Sarki Amadu Kuren Daga ya yi a ƙarshen ƙarnin. Ina faɗin wannan ne domin kada mu ruɗi kanmu da cewa Bature ya tarar da mu tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ya tarar da bango a tsage. Kuma ita kanta Damagaram 'yar ƙaramar daula ce mai faɗaɗa kanta da bakin bindiga. Bambancinta da Ingila shi ne igwarta ba ta ƙetare teku ba.

To, mu koma ga Ingila. Abin da ta yi a Indiya shi ta maimaita a kan kogin Kwara, ba ta ko sāke salo ba. Matafiya suka fara zuwa: Klafatan ya shiga Kano da Sakkwato a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Landa ya gano inda Kwara take faɗawa teku a 1830, a 1854 Baikie ya hau kogin da jirgi mai tururi, mutanensa suna shan kwinin, ba wanda zazzaɓi ya kashe. Jiragen yaƙi suka yi wa Ikko ruwan wuta a 1851 da sunan hana cinikin bayi, irin cinikin da su da kansu suka daina a 1807 kawai, bayan shekara goma kuma suka haɗiye ta. Sa'an nan sai ga kamfani. Wani tsohon hafsan soja, George Goldie, ya haɗe kamfanonin Ingilishi da ke cinikin manja a Kwara a 1879, ya saye na Faransai, har ya sa Ingila ta je taron Balin na 1884 zuwa 1885 tana bugun ƙirji cewa ita kaɗai ce a kogin. A 1885 ya aiko Joseph Thomson ya ƙulla takarda da Sakkwato da Gwandu. A wurin Sarkin Musulmi, an ba baƙin fatake izinin ciniki ne, su kuma riƙa kawo gaisuwa duk shekara. A London kuwa sai aka nuna takardar a matsayin shaidar cewa daular Usmaniyya ta shiga hannun kamfani. A 1886 gwamnatinsu ta ba kamfanin ikon mulki da kafa soja da karɓar kuɗin fito.

Wannan takarda ta Thomson ita ce aka kai teburin ciniki da Faransa. Ran 5 ga Agusta 1890 ƙasashen biyu suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi, suka ce duk abin da yake na daular Sakkwato bisa adalci ya faɗa wa kamfanin Ingilishi, abin da ke arewa na Faransa ne. Firayim Ministan Ingila na lokacin, Lord Salisbury, da bakinsa ya yi ba'a cewa suna ta yi wa juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna, matsala ɗaya ce kawai, ba su san inda abubuwan suke ba. Ina roƙon mai karatu ya auna wannan magana da halin da Daura take ciki a lokacin. Birni na Sakkwato ne, Zango da Baure suna bin Damagaram, gonakinsu kuwa a cakuɗe suke kamar gero da dawa a masussuka ɗaya. Wane adalci ne zai raba su da alƙalami daga London?

Ran 14 ga Yuni 1898 aka sāke zama a Faris. Wannan karon da abin zana da'ira aka zo. Aka kafa tsininsa a kan Sakkwato aka zagaya mil 100, daga nan layin ya bi ma'aunin taswira, ya yi gabas, ya sauko kudu, ya sāke miƙewa gabas mil 250. Bisa wannan takarda birnin Damagaram na Faransa ne, amma Maraɗi da Magarya da Daura gaba ɗaya suna ɓangaren Ingila. Sai a lura, a ranar da aka sa hannu babu sojan Ingila ko ɗaya a ƙasar Kano ko Katsina ko Daura.

Faransai ne suka fara zuwa karɓar rabonsu. A 1898 an kashe wani hafsansu, Cazemajou, a Damagaram. A 1899 suka turo rundunar Voulet da Chanoine, wadda har yau ba a manta da ita ba a Nijar. Da suka ga hanyar da takarda ta ba su babu rijiyoyi, sai suka ratso ta cikin rabon Ingila, suna ƙone gari suna rataye mutane. Abin da suka yi a Birnin Ƙonni a watan Mayu ya isa misali. Ɓarnar ta kai har gwamnatinsu ta aiko Kanar Klobb ya karɓe rundunar, Voulet ya sa aka harbe shi kusa da Tasawa ran 14 ga Yuli, bayan kwana biyu-uku su ma sojansu suka kashe su. Ragowar rundunar ta karya Damagaram a Tirmini ran 30 ga Yuli, aka bi Kuren Daga aka kashe a watan Satumba. Cikin yini ɗaya uban gidan Zango da Baure ya faɗi, igwar Tanimu ba ta yi rana ba.

Ingila kuwa ta ga kamfani ya gama nasa aiki. Ya riga ya ci Bida da Ilori a 1897, amma ba zai iya karawa da gwamnatin Faransa ba. Sai aka biya shi fam 865,000 aka karɓe ikon, ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya sauke tutar kamfani a Lakwaja ya ɗaga ta Ingila, ya yi shelar cewa Arewa duka tana ƙarƙashin kariyar Sarauniya. Kariya daga wa? Ba a tambayi waɗanda za a kare ba. Dalilin shiga yaƙi kuwa ba ya wuyar samu ga mai nema. A watan Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Lugga ya riƙe wannan. Ya kuma ƙara da wata hujja da ta shafe mu kai tsaye: ga ma'aunan iyaka na Ingila da Faransa za su bi ta arewacin Sakkwato da Katsina, ba za a bar su su ratsa ƙasar da ba a ci ba. Watau an ja layi a kan ƙasar mutane, sa'an nan aka ce dole a ci ƙasar domin masu auna layin su sami lafiya. Gwamnatin London ta yi ɗari-ɗari da tafiyar, amma kafin ta gama rubuce-rubucenta Kanar Morland ya bar Zariya.

Soja ɗari bakwai da 'yan kai ne suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Ita wannan bindiga, wadda aka ƙera a 1884, tana zubar da harsashi ɗaruruwa cikin minti ɗaya. A Umdurman ta Sudan, a 1898, irinta ta taimaka aka kashe mutanen Mahadi kimanin dubu goma, alhali ɓangaren Ingila da Masar ba su rasa hamsin ba. Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a har ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli. Katsina ta buɗe ƙofa ba a yi harbi ba. To, Daura da wa za ta tsaya? Damagaram ta tafi, Kano ta tafi, Sakkwato ta tafi. Rashin yaƙin Daura ba alamar an zo mata da zumunci ba ne. An riga an yi yaƙinta a Tirmini da ƙofar Kano da Giginya.

A nan akwai abin da ba ma son faɗa, amma tilas a faɗa. Turawan da ke cikin rundunar Morland 'yan ƙalilan ne, hafsoshi da masu horo. Masu ɗaukar bindigar baƙaƙe ne, da yawansu Hausawa. Tun 1863 Glover ya fara tara Hausawa a Ikko, akasarinsu bayin da suka gudo, ya mai da su dakaru. Da su aka yaƙi Asante a 1874, da irinsu aka kafa rundunar da Lugga ya shirya a 1897 zuwa 1898. Haka daular take ciyar da kanta: da sojan Indiya ta ci sauran Indiya da Bama, da Bahaushe ta ci ƙasar Hausa, daga baya kuma ta ɗebi 'ya'yan waɗanda ta ci ta kai su Kamaru a 1914, da Afirka ta Gabas, da kurmin Bama a Yaƙin Hitila.

Yanzu ga wurin da ya fi ba ni mamaki a duk labarin. Faransa ba ta daina ƙorafi ba cewa layin 1898 ya bar ta da yashi, ba ta da hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Damagaram. Ingila kuwa a lokacin tsoron Jamus ya fara kama ta, tana neman shiri da tsohuwar abokiyar gabarta. Ran 8 ga Afrilu 1904 suka kashe dukan rigingimunsu a zama ɗaya. Faransa ta sakar wa Ingila Masar, Ingila ta sakar wa Faransa Maroko. Sai kuma wata tsohuwar magana: tun 1713 masuntan Faransa suna da haƙƙin kama kifi da shanya shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, can daura da Kanada, abin ya daɗe yana damun Ingilishin da ke zaune a wurin. Faransa ta yarda ta bar wannan haƙƙi. Ladan da aka ba ta shi ne waɗansu 'yan tsibirai a gaban Konakiri, da wani yanki a kogin Gambiya, da kuma gyaran iyakar Arewacin Nijeriya, aka turo layin kudu. Takardar ta ce a yi ƙoƙari a bar wa Faransa mutanen da ke bin Tasawa da Maraɗi da Damagaram. Da wannan jimla Maraɗi da Ƙonni suka haye, Magarya ma ta haye, ita da take kusan kafaɗa da kafaɗa da birnin Daura in ka dubi taswira, wadda kuma zuriyar sarakunan Daura ne suka kafa sarautarta. Manomin da ke bakin Magarya ya kwana talakan Sarkin Ingila a takarda, ya tashi talakan Faransa, saboda busasshen kifin wata teku mai ƙanƙara. Aka ƙara daidaita layin ran 29 ga Mayu 1906, sa'an nan Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi shi da ƙafa daga 1906 zuwa 1908, suka kafa alamu 148 daga Kwara zuwa Chadi. Zango da Baure suka tsira a ɓangaren Ingila, amma ba da dukan ƙauyukansu ba.

A cikin waɗannan shekaru ne aka yi abin da Daurawa suka fi tunawa. Turawa suka ɗaga Malam Musa, ɗan Sarki Nuhu na gidan Zango, suka tuɓe Murnai, sarkin Fulani na ƙarshe, suka haɗe birni da Zango da Baure a hannun mutum ɗaya. Ba a yi wa kowa irin wannan ba. Haɓen Katsina suna Maraɗi har yau, na Gobir suna Tsibiri, na Zazzau aka bar su a Abuja wadda ta koma Suleja, na Kabi suna Argungu. Daura kaɗai ce tsohon gida ya koma tsohon birninsa. Ba na ƙin Badauri ya yi murna da wannan, don gidan da ya yi shekara ɗari a waje ya dawo. Amma a ganina ba son tarihin Bayajida ne ya sa Bature ya yi haka ba. Ga 'yar ƙasa a bakin iyaka mai sarakuna uku, ga haraji ana so a tara ta hannu ɗaya, ga jama'a a ƙetaren layi waɗanda zuciyarsu take ga gidan Haɓe, in an kyautata wa gidan za su iya tasowa su dawo, su ƙara yawan masu biya. Mu kuma dubi abin da hannun nan yake yi a maƙwabta a 1906: an shafe Satiru daga doron ƙasa a watan Maris, an kashe Sarkin Haɗeja Muhammadu a watan Afrilu, an tuɓe Sarkin Katsina Yero an naɗa Durɓi Muhammadu Dikko. A ƙetare kuma Faransai sun tuɓe Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Bassa sun kore shi, gadon ya zauna ba sarki har 1923. Mai naɗawa shi ne mai tuɓewa, kuma Lugga bai ɓoye ba. A jawabinsa na Sakkwato a watan Maris 1903 ya ce Fulani da takobi suka ci ƙasa, yanzu an ci su, don haka ikon naɗi da tuɓewa da haraji da mallakar ƙasa ya koma hannun Ingila. Sandar da aka miƙa wa Sarki Musa da wannan sharaɗi aka miƙa ta.

Sauran abin ya zo da sauri. Daura tana kan hanyar ayarin da ke tashi daga Kano ya bi Damagaram da Agadas zuwa Tarabulus. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da Sarki Musa ya rasu ɗansa Abdurrahman ya hau, sai fuskar ciniki ta juya kudu. Wuri ya daina amfani, haraji da jangali sai da sulen Bature, sule kuwa sai ka noma gyaɗa ka kai kanti, gyaɗar ta bi dogo zuwa Ikko, ta hau irin jirgin da muka fara magana a kansa. Aka sa Daura cikin lardin Kano, a 1934 aka haɗa ta da Katsina aka yi lardin Katsina. Sarki Abdurrahman ya yi shekara 55 a kan gado, ya ga zuwan Razdan da Di'o, ya kuma ga tafiyarsu.

Sun tafi a 1960, Faransai ran 3 ga Agusta, Ingilishi ran 1 ga Oktoba, amma alamun O'Shee da Tilho ba su tafi ba. A Alƙahira a 1964 shugabannin Afirka suka amince kowa ya riƙe iyakar da ya gada. Layin yana nan a Kongwalam, bai kai mil ashirin daga rijiyar Kusugu ba, ɗan wa yana karatu da Turanci, ɗan ƙane da Faransanci, a kasuwar Mai'aduwa ana canjin naira da sefa tsakanin mutanen da kakansu ɗaya. An rufe shi a 1984, an sāke rufewa a 2019, duka biyun a zamanin mulkin Muhammadu Buhari, wanda shi kansa ɗan Daura ne. An kuma rufe shi a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin shingen wata da watanni, har aka buɗe a watan Maris 2024.